Sakin Bawul ɗin Mitiral: Tambayoyi da Amsoshi Kan Alamominsa da Ƙwayoyin Ƙarin Sinadarai

Mutane da dama suna fitowa daga ɗakin ɗaukar hoton zuciya riƙe da takardar sakamako mai ɗauke da haruffa uku, MVP, wato taƙaitaccen sunan sakin bawul ɗin mitiral da Turanci, ba tare da an zaunar da su an yi musu bayanin da zai kwantar musu da hankali ba. Daga nan sai su faɗa intanet, inda muryar masu tallar ƙwayoyin ƙarin sinadarai ta fi ta likitoci ƙarfi. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda masu wannan lalura suka fi yi. Amsoshin na ƙarin haske ne, hukunci na ƙarshe kuwa yana hannun likitan da ya ga hoton zuciyar mutum da idonsa.

Mene ne ainihin wannan lalura?

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Jinin da ya ɗauko iska daga huhu yana sauka a ɗakin sama na hagu, ya gangara ɗakin ƙasa na hagu, wanda shi ne yake matsawa da ƙarfi ya watsa jinin zuwa dukkan jiki. Tsakanin waɗannan ɗakuna biyu akwai bawul da ake kira mitiral, wanda yake kamar ƙofa mai ganye biyu da ke buɗewa ta fuska ɗaya kawai. Wasu siraran igiyoyi suna riƙe da bakin ganyayen daga ƙasa, don kada ƙarfin jini ya tura su baya a lokacin da zuciya ta matsa.

A wajen mai wannan lalura, ganye ɗaya ko duka biyun sun yi laushi, ko kauri, ko sun fi wurinsu girma, wani lokaci kuma igiyoyin sun yi tsawo. Saboda haka duk sa'ad da zuciya ta matsa, sai ganyen ya kumbura ya leƙa cikin ɗakin sama. Likita yakan ji wannan da abin sauraron ƙirji a matsayin wani ɗan sauti, "ƙas", a tsakiyar bugu, idan kuma bawul ɗin yana yoyo sai wani huci ya biyo bayansa. Za ka ga likitan ya ce wa mutum ya miƙe tsaye, ya saurara, sannan ya ce ya tsuguna, ya sake saurarawa. Dalilin shi ne tsayuwa tana rage jinin da ke komawa zuciya, ɗakin ƙasa ya ɗan tsuke, ganyen ya ƙara samun sararin saki, sautin ya zo da wuri. Tsugunawa kuma tana jinkirta shi.

Likitan zuciya na Afirka ta Kudu, John Barlow, shi ne ya nuna a 1963 cewa daga bawul ɗin mitiral wannan sauti yake fitowa, shi ya sa har yau ake danganta lalurar da sunansa. Tabbatar da ita kuwa sai da hoton zuciya na eko, inda ake ganin ganyen ya haura layin bakin bawul da fiye da milimita 2.

Lalura ce mai yawa? Kuma tana da haɗari?

Binciken Framingham na Amurka, wanda aka wallafa a 1999, ya duba mutum 3,491 ya samu lalurar a jikin 84, wato kashi 2.4 cikin ɗari. Mafi yawan masu ita suna rayuwa har tsufa ba tare da ta taɓa dame su ba, da yawa ma ba su san suna da ita ba.

Akwai wani tarihi da ya kamata a sani a nan. A shekarun 1970 da 1980 an riƙa gaya wa mutane masu yawan gaske, musamman 'yan mata sirara, cewa suna da wannan lalura, alhali lafiyarsu ƙalau. A ƙarshen shekarun 1980 Robert Levine da abokan aikinsa a birnin Boston suka nuna cewa bakin bawul ɗin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da tudu da kwari irin na sirdi, don haka idan aka ɗauki hoton ta wata fuskar sai lafiyayyen bawul ya yi kama da wanda ya saki. Aka gyara ma'auni, adadin masu lalurar ya faɗi ƙasa sosai. Duk wanda aka gaya masa yana da ita tun wancan zamani, kuma bai sake yin hoto ba, ya dace ya sake yi, domin mai yiwuwa shekaru da yawa yana ɗauke da fargabar abin da ba shi da shi.

Me ke jawo ta? Ita ce ciwon bawul da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta?

Galibi daga halittar naman bawul ɗin ne, kuma takan bi jinin gida. Tana yawan zuwa tare da cututtukan da ke raunana jijiyoyi da tantanin jiki, irin su ciwon Marfan da na Ehlers-Danlos, ana kuma ganinta a wasu masu karkataccen ƙashin baya ko masu lotsattsen ƙirji. A tsofaffi kuwa igiyoyin ne kan sirance da shekaru har wata ta tsinke. Ba abinci ke kawo ta ba, ba damuwa ba, ba kuma wani sakaci da mutum ya yi ba.

Ciwon bawul da ke biyo bayan zazzaɓin rumatik wani abu ne dabam, ko da yake shi ma bawul ɗin mitiral ya fi kamawa. Shi ƙwayar cutar ciwon maƙogwaro ce ke tayar da garkuwar jiki har ta ɓata bawul, ganyayen su yi tabo su ƙage, kuma ana kare mai shi da allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru. Bambance su yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ke da na rumatik, idan ya ɗauka nasa sakin bawul ne kawai ya bar allurarsa, zai cutu.

Faɗuwar gaba, ciwon ƙirji, jiri da kasalar da nake ji, duk daga bawul ɗin suke?

Wannan ita ce tambayar da dukkan sauran bayanin ya rataya a kanta. Masu lalurar sukan yi ƙorafin zuciya tana tsallake bugu ko tana dukan uku-uku, da wani suka a ƙirji mai zuwa ya wuce, da jiri idan an miƙe da sauri, da gajiya, da fargaba marar dalili. Abubuwan nan na gaske ne, babu wanda ya isa ya ce wa mai jin su ƙirƙira yake yi. Sai dai binciken Framingham ɗin nan ya gano cewa ciwon ƙirji da haki ba su fi yawa a masu lalurar ba idan aka gwada su da sauran jama'a. Ma'ana, mutum yana iya kasancewa da sakin bawul, yana kuma da faɗuwar gaba, amma kowanne da nasa tushen.

Saboda haka kafin a ɗora wa bawul laifi, a duba ƙarancin jini, a duba aikin ƙwayar tayirod ta wuya, a auna fotasiyom da maganisiyom na jini, a kuma tambayi mutum yadda yake barci da irin abin da yake sha. Idan bugun ne ya fi damunsa, ana maƙala masa 'yar na'urar Holter ya kwana da ita awa 24 zuwa 48, wani lokaci ma fiye, ta naɗi kowane bugu, shi kuma ya riƙa rubuta lokacin da ya ji abin. Sau da yawa za a tarar a daidai mintin da ya rubuta "zuciyata ta tsaya" bugu ɗaya ne ya zo kafin lokacinsa, aka ɗan yi jinkiri, na bayansa ya zo da ƙarfi.

Ɗaya ɓangaren maganar ya fi wannan nauyi. Yoyon bawul yana iya ƙaruwa shekara da shekaru, zuciya tana faɗaɗa a hankali don ta jure, mai ita kuma bai ji komai ba. Abin da mutum yake ji da halin da bawul ɗinsa yake ciki ba lallai su tafi tare ba. Wani yana fama da faɗuwar gaba kullum alhali bawul ɗinsa bai yoyo ko kaɗan, wani kuma yana jin kansa garau alhali nasa ya kusa buƙatar tiyata. Duk shawarar da za a bayar game da magani ko ƙwayoyin ƙarin sinadarai, a auna ta da wannan.

Me zan iya yi da kaina don rage alamomin?

Abu na farko shi ne shan ruwa isasshe, musamman lokacin zafi, zazzaɓi, amai ko gudawa. Idan ruwan jiki ya ragu, jinin da ke cika zuciya yana raguwa, bugu ya ƙaru, jiri ya taso. Wanda zuciyarsa ta riga ta fara gazawa shi ne banda, domin shi likita ne zai ƙayyade masa ruwa da gishiri.

Na biyu shi ne lura da abubuwan da ke zaburar da zuciya: taba, giya, abubuwan sha masu ƙara kuzari, ƙwayoyin rage ƙiba, da magungunan mura masu buɗe hanci waɗanda ke ɗauke da sinadarin sudo'efedirin. Game da kofi, ba kowa ne yake buƙatar barinsa ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2023 kan mutum 100 a Amurka ya nuna cewa a ranakun da suka sha kofi, bugun da ke riga lokaci daga ɗakunan sama bai ƙaru ƙaruwar a-zo-a-gani ba, amma wanda ke fitowa daga ɗakunan ƙasa ya ƙaru. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya bar shi na mako biyu ya gani. Idan abin ya lafa ya samu amsarsa, idan bai canza ba babu dalilin takura wa kai.

Sai barci da motsa jiki. Tsoro yakan sa mai lalurar ya daina duk wani aikin ƙarfi, jiki ya mutu, har hawa bene ɗaya ya sa shi haki, hakin kuma ya ƙara masa tsoro. Ga wanda ba shi da yoyo mai tsanani, awon Hukumar Lafiya ta Duniya na aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako ya shafe shi kamar kowa, kuma mutane da yawa sun fi samun sauƙi ta wannan hanya fiye da kowace ƙwaya. Waɗanda sai sun nemi izinin likitan zuciya kafin wasa mai tsanani su ne masu yoyo mai yawa, da wanda ya taɓa suma, da wanda Holter ta nuna masa bugu mai haɗari, da wanda wani a danginsa ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya.

Idan fargaba ce ta fi yawa, a nemi taimakonta kai tsaye wajen masana lafiyar ƙwaƙwalwa, domin tana da magani, kuma neman maganinta ba ya nufin an ƙaryata abin da mutum yake ji a ƙirjinsa.

Akwai maganin asibiti da ake bayarwa?

Wanda ba shi da alamomi kuma ba shi da yoyo ba ya buƙatar magani. Ga mai faɗuwar gaba da ta hana shi sakat, likitoci sukan ba da ɗaya daga cikin magungunan da ke rage saurin bugu, irin su propranolol, metoprolol ko bisoprolol. Suna iya kawo kasala da sanyin hannu da ƙafa, mai asma kuma dole ya sanar da likita tun da wuri, domin wasunsu suna tsuke hanyar numfashi. Ba a yanke shan su farat ɗaya, ana ragewa ne a hankali. Idan hawan jini ya haɗu da yoyo, saukar da shi wajibi ne, domin yana ƙara wa bawul ɗin nauyi. Su ma waɗannan magunguna alamomi suke ragewa, ba sa canza siffar ganyen.

To, maganisiyom fa? Ko'ina shi ake ambata.

A cikin duk ƙwayoyin da ake tallatawa, shi kaɗai ne yake da hujjar da ta cancanci a tsaya a kanta. Maganisiyom yana cikin sinadaran da ke daidaita wutar da ke tafiyar da bugun zuciya da aikin jijiyoyi, kuma ƙarancinsa yana kawo faɗuwar gaba, ɗaurewar tsoka, kasala da rashin natsuwa, alamomin da suka yi kama da waɗanda masu sakin bawul suke kuka da su.

Binciken da kowa yake kafa hujja da shi an yi shi ne a ƙasar Folan, aka wallafa a 1997. An duba mutum 141 masu lalurar waɗanda alamomi suka matsa musu, aka tarar kashi 60 cikin ɗari suna da ƙarancin maganisiyom a jini. Daga cikin masu ƙarancin aka ba wasu sinadarin, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, na tsawon mako biyar, sannan aka musanya. Waɗanda suka sha na gaskiya sun samu sauƙin kasala, ciwon ƙirji, haki, faɗuwar gaba da fargaba.

Sakamako ne mai kyau, amma a karanta shi daidai gwargwadonsa. Mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma dukkansu an riga an tabbatar suna da ƙarancin sinadarin. Abin da aka auna shi ne yadda suke ji. Binciken bai nuna ganyen bawul ya koma daidai ba, bai kuma nuna yoyo ya ragu ba. A ganina fassarar da ta dace ita ce: mai sakin bawul da ke da ƙarancin maganisiyom zai iya jin daɗin jikinsa idan aka cike masa gurbin, kamar yadda duk mai ƙarancinsa zai ji. Wannan dalili ne na a nemi awon jini, musamman ga masu shan maganin sa fitsari, masu daɗewa a kan magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole, masu ciwon suga, masu yawan gudawa da masu shan giya, domin su ne suka fi rasa shi. A lura kuma cewa ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na maganisiyom ɗin jiki ne yake yawo a jini, sauran yana cikin ƙashi da tsoka, shi ya sa likita yakan haɗa sakamakon awon da tarihin mutum kafin ya yanke shawara.

Idan za a sha, nawa ya dace, kuma wa ya kamata ya guje shi?

Bisa awon hukumomin Amurka, babbar mace tana buƙatar miligiram 310 zuwa 320 a rana, namiji kuma 400 zuwa 420, kuma ana iya samun wannan daga abinci: korayen ganyaye, dangin wake, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo da mai, da hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba. Wanda ke cikin abinci ba ya cutar da mai lafiyayyar ƙoda. Na ƙwaya kuwa an sa masa iyakar miligiram 350 a rana a Amurka, a Turai ma 250, sai dai idan likita ne ya ƙara da saninsa. Alamar farko ta wuce gona da iri ita ce gudawa da murɗawar ciki, gudawar kuma tana zubar da ruwa da fotasiyom, ta dawo da faɗuwar gaban da ake gudu.

Mai ciwon ƙoda kada ya kusance shi sai da umarnin likita, domin ƙoda ce ke fitar da rarar, idan ta gaza sai ya taru a jini ya saukar da bugu da hawan jini har ya kai ga halaka. Yana kuma hana hanji tsotse wasu magunguna, irin su ciprofloxacin da doxycycline masu kashe ƙwayoyin cuta, maganin tayirod na levothyroxine da wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, don haka ana raba lokacin shan su da awanni.

Sauran fa, kamar CoQ10, man kifi, kolajin da fotasiyom?

Hujjar CoQ10, wani sinadari da jiki ke amfani da shi wajen samar da kuzari, a kan wannan lalura ba ta wuce wasu ƙananan tsofaffin gwaje-gwaje ba. Babban gwajin da masu talla suke yawan ambata, Q-SYMBIO na 2014 mai mutum 420, an yi shi ne a kan masu gazawar zuciya, ba masu sakin bawul ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon wata cuta a liƙa wa wata. Galibi ba ya cutarwa, amma yana iya rage ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini.

Man kifi ya fi buƙatar taka-tsantsan fiye da yadda ake zato. Manyan gwaje-gwaje biyu, REDUCE-IT na 2018 da STRENGTH na 2020, waɗanda aka ba mutane giram 4 a rana, duka sun nuna ƙaruwar hargitsewar bugun ɗakunan sama da ake kira AF. Mai yoyon bawul wanda ɗakinsa na sama ya riga ya faɗaɗa dama yana kusa da wannan matsala, don haka bai kamata ya sha mai yawa don raɗin kansa ba. Cin kifi a abinci bai shiga wannan gargaɗi ba.

Kolajin kuwa, tunanin da ke bayansa shi ne tun da naman bawul ne ya yi rauni, a ci abin da aka gina shi da shi. Amma ciki yana narkar da kolajin ya farfasa shi kamar kowane furotin, babu kuma gwajin da ya nuna yana isa ga bawul ya ɗaure shi. Fotasiyom shi ne mafi haɗari a cikinsu duka idan aka sha babu awo, musamman ga mai ciwon ƙoda ko mai shan magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, domin yawansa a jini yana iya tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba.

Magungunan tsirrai ba su fi aminci ba?

Kasancewar abu daga tsiro yake ba ya wanke shi. Digoxin, ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan zuciya, daga tsiro aka samo shi, kuma ɗan ƙari kaɗan a kan awonsa guba ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta ƙwayoyin tsiron efedira a 2004 bayan an danganta su da bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mace-mace, kuma har yanzu ana sa makamantansa masu zaburarwa a cikin ƙwayoyin rage ƙiba da na masu ɗaga ƙarfe. Tsiron da ake sayarwa da sunan St John's wort yana rage ƙarfin warfarin da digoxin. Saiwar likoris, idan aka yawaita ta, tana zubar da fotasiyom ta ɗaga hawan jini.

Ga kuma matsalar sa ido. A Amurka, inda ake sarrafa da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki, dokar 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya tabbatar da amfanin ƙwayar ƙarin sinadari kafin ya kai ta kasuwa ba, saɓanin magani na asibiti. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya kwashe duk kwalaben da yake sha, har da waɗanda yake ganin ba magani ba ne, ya kai su gaban likita ko mai harhaɗa magunguna a karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Idan na ji sauƙi, zan iya daina zuwa hoton zuciya?

A'a, kuma wannan ne abin da ya fi damuna game da ƙwayoyin nan, fiye da kuɗin da suke ci. Mutum ya sha maganisiyom, faɗuwar gaba ta lafa, ya ɗauka ya warke, ya yi shekara goma bai koma ba, sai ya dawo da ƙafafu a kumbure da zuciyar da ta riga ta gaji. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka ta 2020 ta tsara a sake hoton eko duk shekara 3 zuwa 5 ga mai ɗan yoyo, duk shekara 1 zuwa 2 ga mai matsakaici, duk wata 6 zuwa 12 ga mai tsanani, sannan a kowane lokaci idan sabuwar alama ta ɓullo. A riƙa adana takardun sakamako, domin likita ya fi amfana da ganin yadda awon yake canzawa tsakanin hoto da hoto fiye da ganin guda ɗaya.

Yaushe ake kaiwa ga tiyata?

Kaɗan ne daga cikin masu lalurar suke kaiwa nan. Ana yin ta idan yoyo ya tsananta kuma ya fara kawo haki ko gajiya, ko kuma, ko da mutum bai ji komai ba, idan hoto ya nuna kason jinin da ɗakin ƙasa yake fitarwa a kowace matsawa ya sauka zuwa kashi 60 cikin ɗari ko ƙasa, ko faɗinsa a ƙarshen matsawa ya kai milimita 40. Ana so a yi kafin tsokar zuciya ta lalace, domin idan ta lalace ba lallai ta dawo ba.

Gyara bawul ɗin mutum ya fi sauya shi a duk inda hakan zai yiwu, ta hanyoyin da likitan tiyata na Faransa Alain Carpentier ya shimfiɗa: a rage ganyen da ya yi yawa, a ɗaura sababbin igiyoyi, a kewaye bakin da zobe. Idan sauyawa ta zama dole, bawul na ƙarfe yana daɗewa amma yana wajabta shan warfarin har abada, na naman dabba kuma ba ya bukatar haka amma yana tsufa. Ga waɗanda jikinsu ba zai ɗauki tiyata ba akwai MitraClip, ɗan maƙali da ake zurawa ta jijiyar cinya ya kama ganyayen biyu, wanda Amurka ta amince da shi a 2013.

Sai na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a cire mini haƙori?

A da haka ake yi. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta janye wannan shawara ga masu sakin bawul a 2007, ta bar ta ga waɗanda aka sa wa bawul na ƙarfe ko na naman dabba, da waɗanda ƙwayar cuta ta taɓa kama musu bawul, da wasu 'yan rukunoni. Waɗanda aka yi wa gyara da zobe su ma suna ciki. Abin da ya fi karewa shi ne tsabtar baki ta kullum da maganin ciwon dasashi da wuri. Zazzaɓin da ya ƙi tafiya, mai zuwa da gumin dare da rama, ya wajabta a ɗebi jini a nemi ƙwayar cuta kafin a fara shan kowane magani, domin shan sa da ka yana ɓoye cutar.

Akwai kuma gargaɗin da hukumomin magunguna na Turai da Birtaniya suka fitar a 2020, cewa dangin ciprofloxacin da levofloxacin suna ɗan ƙara haɗarin yoyon bawul. Ba a hana su ba, amma mai lalurar ya ambata wa duk likitan da zai rubuta masa su.

Na ji ana cewa tana kisa farat ɗaya. Gaskiya ne?

Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, kuma masu wannan haɗari suna da alamomin da likita zai iya nema: suma ba tare da dalili ba, sakin ganyaye biyun tare, yawan bugun da ke fitowa daga ɗakin ƙasa musamman idan yana zuwa a jere, wasu canje-canje a awon wutar zuciya na ECG, rabewar bakin bawul daga tsokar zuciya, da tabo a tsokar wanda hoton MRI yake nunawa. Mai irin waɗannan yana buƙatar ƙwararren likitan bugun zuciya, wanda zai iya ba da magani, ko ya ƙone wurin da bugun yake tasowa, ko a wasu lokuta ya dasa na'urar da ke farfaɗo da zuciya. Babu wata ƙwayar ƙarin sinadari da ke tsayawa a madadin ɗayan waɗannan.

Mace mai lalurar za ta iya ɗaukar ciki? 'Ya'yana za su gada?

Mafi yawan mata suna ɗaukar ciki su haihu lafiya. Mai yoyo mai tsanani, ko mai ciwon Marfan, ta ga likitan zuciya tun kafin cikin, a kuma duba magungunanta, domin lisinopril da danginsa ba sa haɗuwa da ciki, warfarin ma yana buƙatar tsari na musamman. Game da gado, lalurar takan bi gida amma ba dole kowane ɗa ya samu ba. Idan a gidan akwai wanda aka yi wa tiyatar bawul, ko wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi, ya dace iyaye, 'yan'uwa da 'ya'ya su yi hoton eko.

Waɗanne alamomi ne ba a kwana da su a gida?

Suma ko kusan suma, musamman a tsakiyar motsa jiki. Sarƙewar numfashi da ta zo kwatsam, ko wadda ke hana kwanciya sai an jingina, ko ta tayar da mutum cikin dare, domin tana iya nufin wata igiya ta tsinke ruwa ya taru a huhu. Bugu mai sauri marar tsari da ya ƙi lafawa bayan an zauna an huta. Nauyi ko matsi a ƙirji mai tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi tare da gumi. Karkacewar baki, sarƙewar magana, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko da abin ya wuce cikin mintuna. Duk wanda ya ga ɗayan waɗannan a kai shi sashen gaggawa nan take, kada ya tuƙa kansa, a tafi da takardar hotonsa ta ƙarshe da duk abin da yake sha.